Yadda Ake Raba Dogon Rikodin Atisaye, Kowace Waƙa Ta Samu Fayil Nata

Atisayen awa 3 yakan bar wa makaɗa fayil guda jibgege, kuma ba duka ne kiɗa ba. A ciki akwai saita jita, akwai gardamar inda amshi zai shigo, akwai waƙar da aka fara sau 4 tana wargajewa kafin ta zauna. Babu mawaƙin da zai buɗe wannan fayil a waya ya yi ta ja gaba ja baya yana neman baiti na biyu na waƙa ta shida. Rikodin da ba a raba ba, da wuya a sake sauraronsa, kuma in ba a saurare shi ba an yi wahalar ɗaukarsa a banza.

Yankan da kansa ba wuya, manhaja ce ke yi cikin mintuna kaɗan. Aikin da ke hannunka shi ne nuna mata inda kowace waƙa ta fara da inda ta ƙare, da sunan da za ta ɗauka. Don haka hanyar da ta fi ita ce ta sa alama: ba ka goge komai, ba ka datse komai daga ainihin rikodin, sai dai ka shata iyakoki, sannan ka fitar da su gaba ɗaya a lokaci guda.

Abin da za a yi tun a ɗakin atisaye

Rabin wahalar rabawa a nan ake kashe ta. Ka saita rikoda ta ɗauka a tsarin WAV, ko dai 44.1 ko 48 kilohaz, bit 24. A kan 48 da bit 24, sitiriyo, minti guda yana cin kusan megabait 17, awa guda kuma ɗan sama da gigabait 1. In katin memori ƙarami ne, 44.1 da bit 16 yana cin kusan megabait 635 a awa, kuma ya wadatar ga atisaye. Ka sa makaɗa su buga wurin da ya fi ƙara a waƙoƙinsu, ka rage ƙarfin shigar sauti har ma'aunin ya riƙa tsayawa wajen desibel -12. Sautin da ya yi ƙasa ana iya ɗaga shi daga baya. Wanda ya buge rufi ya fashe kuwa, ya fashe ke nan.

Sannan ka kashe tsarin da ke daidaita ƙarfin sauti da kansa. Yawancin ƙananan rikodoji suna da shi, manhajojin ɗaukar murya na waya ma haka. Abin da yake yi shi ne, da zarar kiɗa ya tsaya sai ya ɗaga ƙugin amfilifaya da hayaniyar ɗaki, in ganga ta shigo ya danne. Sakamakon haka zanen sautin ya zama tudu guda miƙaƙƙe, ba a gane waƙa daga surutu da ido, kuma duk wata dabarar gano shiru ta lalace.

Akwai ɗabi'u 3 da ya kamata ƙungiya ta saba da su. Kafin mai ganga ya ƙirga shiga, mutum ɗaya ya faɗi sunan waƙar da ƙarfi, da karo na nawa ake yin ta. In waƙa ta ƙare, kowa ya ɗauke hannu daga kayansa na daƙiƙa 5, har mai jitar da hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. In kuma an yi karon da kowa ya ji ya yi kyau, wani ya tafa sau 3 a jere kusa da makirfo. Tafin yana fitowa a zanen sauti a matsayin tsinaye 3 sirara, ana hango su tun daga nesa.

Ƙananan rikodoji irin na Zoom da Tascam suna da hanyar sa alama yayin ɗauka, alamar kuma tana shiga cikin fayil ɗin WAV, manhajar haɗa sauti ta Reaper tana karanta ta. In rikodarka ba ta da wannan, takarda da biro sun isa: a rubuta lokacin da agogon rikoda ke nunawa a farkon kowace waƙa.

Kwafi da haɗa gutsattsari

Ka kwafe fayil ɗin daga kati zuwa kwamfuta, ka yi aiki a kan kwafin. Kada ka share katin sai ka buɗe kwafin ka ji ƙarshensa yana nan.

Wataƙila ka tarar da fayil 2 ko 3 maimakon 1. Ba lalacewa ba ce. Tsarin WAV na asali ba ya wuce gigabait 4, katin da aka tsara a tsarin ajiya na FAT32 ma bai karɓar fayil da ya wuce haka, rikodoji da yawa kuma suna buɗe sabon fayil tun a gigabait 2, wato bayan kusan awa 2 a kan 48 da bit 24. Rikoda ba ta san inda waƙa take ba, tana iya raba ta a tsakiyar baiti. Sai ka shigo da fayilolin duka cikin Audacity, manhajar gyaran sauti a kwamfuta, ka tabbatar na farko yana sama, ka zaɓe su, ka shiga Tracks, Align Tracks, Align End to End. Wannan zai jera su kai da wutsiya ba tazara. Daga nan Mix and Render zai mai da su layi guda.

Ka lura da wurin ajiya. Audacity yana riƙe sauti a bit 32, don haka awa 3 ta sitiriyo a kan 48 ta kai gigabait 4 da ɗoriya, kuma duk gyaran da ya shafi fayil ɗin gaba ɗaya yana ƙara kusan haka saboda tana ajiye na baya don komawa. Ka bar aƙalla gigabait 10 a sake. Kuma ka ajiye aikin a cikin kwamfutar, domin tun daga siga ta 3 Audacity ba ya yarda ya ajiye aiki a filashin da ke kan FAT32.

Sa alamomi a Audacity

Danna Ctrl da F, rikodin duka ya shigo fuska ɗaya. Waƙoƙi za su fito a matsayin dunƙulallun tuddai, tsakaninsu kuma ƙananan tsinaye na magana da gwajin kaya. In ƙungiyar tana da waƙoƙin sanyi da ba sa fitowa sosai, ka canza ma'aunin layin zuwa na desibel, ƙananan sautuka za su yi girma a ido.

Alama iri biyu ce, kuma bambancinsu shi ne ginshiƙin aikin. Alamar ɗigo wuri guda kawai take nunawa. In ka fitar da fayiloli da ita, kowane fayil zai fara daga wannan alama ya tafi har ta gaba, wato duk surutun bayan waƙa zai biyo ta. Alamar zango kuwa tana da farko da ƙarshe, abin da ke tsakaninsu kawai ake fitarwa, sauran a bar shi. Ga faifan da waƙoƙinsa ke bin juna, ɗigo ya isa. Ga atisaye, zango ne daidai.

Ga yadda ake yi. Ka ja linzami daga ɗan gaban tudun farko zuwa ɗan bayansa, ka danna Ctrl da B. Layin alamomi zai buɗe a ƙasa, sai ka rubuta sunan waƙar ka danna Enter. Enter ɗin nan kada ka manta da shi, domin in ba ka rufe rubutun ba, duk lokacin da ka danna maɓallin tazara don kunna sauti, tazara zai ƙara wa sunan. Ka wuce tudu na biyu, haka har ƙarshe. A zagayen farko kada ka tsaya daidaita iyaka, ka yi ta shatawa a gurguje. In kana saurare ne ka ji wurin da kake son tunawa, Ctrl da M yana ajiye ɗigo a inda sautin yake ba tare da ya tsaya ba. Amma ka goge waɗannan ɗigogi kafin fitarwa, in ba haka ba su ma za su zama fayiloli.

A zagaye na biyu ne ake zama a natsu. Ka faɗaɗa farkon kowane zango da Ctrl da 1, ka saurara, ka ja bakin alamar zuwa inda ya dace. Ka bar ƙirgen mai ganga a ciki. Mutane da yawa suna yanke shi don waƙar ta yi kama da ta faifai, kuma kuskure ne, domin wanda zai yi bita a gida da ƙirgen yake kama saurin waƙar ya san inda zai shigo. Daƙiƙa 1 zuwa 2 kafin ƙirgen ya wadatar.

Ƙarshen waƙa ya fi yaudara. Zanen yana nuna kamar an gama, alhali faranti na ganga yana ci gaba da amo, tsirkiyar jita ba ta mutu ba. Ka sa abin saurare a kunne, ka ƙara murya, ka bi amon har ya nutse cikin hayaniyar ɗaki. Yawanci daƙiƙa 3 zuwa 5 ne bayan bugun ƙarshe. In wani ya yi magana kafin amon ya ƙare, ka bar maganar, ta fi yanke mai tsinke numfashi.

Sai batun abin da za a fitar da abin da za a bari. Ba kowane karo ne ya cancanci fayil ba. Farawar da ta rushe cikin daƙiƙa 20 ba ta da amfani. Amma karon da ya tafi daidai har amshi na biyu sannan ya watse, ka fitar da shi, domin wurin watsewar shi ne abin da ƙungiya ke buƙatar ji. Haka ma in an tsaya an yanke shawarar canza tsari, aka ce a maimaita amshi sau 2 ko a sauke murya, ka shata wannan maganar a zangonta daban. Mako mai zuwa kowa zai tuna ta yadda ya ga dama, fayil ɗin ne zai raba gardama.

In waƙoƙi biyu suna haɗe, ɗaya na zarcewa cikin ɗaya ba tsayawa, ka fitar da su a fayil guda. Mahaɗar tana cikin abin da ake koyo.

Da ka gama, ka ajiye aikin, ka kuma fitar da alamomin a matsayin rubutu ta Export Labels. Ɗan ƙaramin fayil ne mai layi ɗaya ga kowace waƙa: daƙiƙar farawa, daƙiƙar ƙarewa, suna. Da shi da ainihin WAV ɗin kana iya sake gina komai, ko da ka goge jibgegen fayil ɗin aikin.

Bar wa manhaja ta gano shiru

A ƙarƙashin Analyze akwai Label Sounds, wanda ke shata zango da kansa a duk inda ya ji sauti tsakanin shiru biyu. Yana taimakawa, amma kada a dogara da shi, don ɗakin atisaye ba ya yin shiru na gaskiya. In ka bar shi yadda ya zo, desibel -30 da shirun daƙiƙa 1, ko dai ya ba ka alamomi barkatai, kowane tari da kowace dariya, ko ya haɗa waƙa 5 a zango ɗaya.

Ka fara auna ɗakin. Zaɓi wata tazara tsakanin waƙoƙi, ka kunna, ka duba inda ma'aunin ke kaiwa. Ka sa iyakar ta ɗara wannan da desibel 6 zuwa 10. Tsawon shiru ka sa daƙiƙa 4, don kada tsayawar da ke cikin waƙa ta raba ta biyu. Mafi ƙarancin tazarar alama ka kai ta daƙiƙa 60, nau'in alamar kuma ka zaɓi Region around sounds. In magana tana da ƙarfi a rikodin, ka canza hanyar awo daga Peak zuwa RMS, domin ta matsakaicin ƙarfi kiɗa ya fi rabuwa da magana. Abin da ya fito ka ɗauke shi a matsayin zagayen farko. Dole ka bi kowace iyaka da kunne, musamman waƙar da ke farawa da murya ko fiyano a hankali, wadda manhajar takan cinye mata farko.

Ƙarfin sauti da gefuna

Ka ɗaga ƙarfin sauti sau ɗaya ga rikodin duka, ba waƙa-waƙa ba. In ka kai kowace waƙa rufi ɗaya, waƙar sanyi za ta zo da ƙarar mai zafi, ƙungiya kuma ta rasa sanin ko tana sassautawa inda ya kamata.

Matsalar ita ce tafin nan ko bugun makirfo yakan fi kowane kiɗa tsini, sai Amplify, kayan ƙara ƙarfin sauti na Audacity, ya ce babu sauran wurin ƙari. Mafita: zaɓi waƙar da ta fi ƙara, buɗe Amplify, sa sabon ƙololuwa a -1, ka rubuta adadin ƙarin da ya nuna, ka fita ba tare da ka aiwatar ba. Sannan ka zaɓi komai, ka shigar da wannan adadi, ka sa alama a Allow clipping. Tafin zai wuce rufi, amma yana wajen zangunan da za ka fitar.

In kana jin ƙas a farkon fayil ko ƙarshensa, yankan ne ya faɗo a inda igiyar sautin take sama ko ƙasa da sifili, lasifika kuma ta yi tsalle. Yakan faru in akwai ƙugi a ɗakin. Ka zaɓi ɗan guntu a bakin zangon ka sa Fade In, a ƙarshe kuma Fade Out na daƙiƙa 1 ko 2. Ba sai an yi wa kowace waƙa ba, sai wadda ta nuna matsalar.

Fitarwa da suna

Daga siga ta 3.4, ka shiga File, Export Audio, ka zaɓi Multiple Files. A tsofaffin sigogi sunansa Export Multiple. Ka ce a raba bisa Labels, ka cire alamar da ke cewa a haɗa da sautin da ke gaban alama ta farko, ka zaɓi a sa lamba kafin suna don fayilolin su jeru yadda aka buga su.

Don rarraba wa makaɗa, MP3 a kan kilobit 192 ya isa. Waƙar minti 5 za ta kai kusan megabait 7, alhali a WAV na 44.1 da bit 16 ta haura 50. Don ajiya, FLAC yana rage girma sosai ba tare da zubar da komai ba.

Kowane atisaye ya samu foldarsa, sunanta ya fara da shekara, wata, rana, kamar 2025-03-08, don kwamfuta ta jera su bisa lokaci. Ka sa kwanan watan a sunan fayil ma, domin da zarar ya shiga wayar wani ya rabu da foldarsa. Waƙa ɗaya ta riƙe rubutun suna ɗaya kullum, karo kuma a ƙarshe: k1, k2, k3. Da haka in ka nemi sunan, duk karon da aka taɓa yi zai fito a jere, a ji ko ana ci gaba. Kada ka sa waɗannan a suna: \ / : * ? " < > |, Windows ba ya karɓarsu. Kuma ka kiyayi akwatin Overwrite existing files in kana fitarwa cikin foldar da ke da kaya.

In an ɗauka layi-layi

In rikodin daga mikisa ya fito, ganga da layinta, murya da nata, ƙa'ida ɗaya ce ba a karyawa: kada a goge ko a matsar da wani abu a layi guda shi kaɗai, in ba haka ba duk abin da ke bayansa ya goce daga sauran. A Audacity ka kunna Sync-Lock, wanda ke sa layukan su motsa tare. Amma fitarwa bisa alama a can tana gauraya layukan su zama guda.

Reaper ya fi dacewa da wannan. Ka ja zaɓin lokaci, ka danna Shift da R, zango ya samu, ka ba shi suna. A tagar Render ka sa iyakar fitarwa ta zama zangunan aikin, a wurin suna ka rubuta $regionnumber $region, kowace waƙa ta fito da lambarta da sunanta. In kana son layin kowane makaɗi daban ga kowace waƙa, Region Render Matrix tebur ne da za ka cika, waƙoƙi a gefe ɗaya, layuka a ɗaya, sai ka ƙara $track a sunan. 

In asalin rikodin MP3 ne ko M4A

Waya takan ba da irin waɗannan. An riga an matse su, an zubar da wani ɓangare na sautin. In ka buɗe a Audacity ka sake fitarwa a MP3, an matse sau 2, kuma farantan ganga ne ke fara nunawa, sautinsu ya koma kamar ruwa na tsiyaya. Ko dai ka fitar a FLAC, ko ka yanka ba tare da sake matsewa ba. Ga MP3 akwai mp3DirectCut da mp3splt. Ga kowane iri akwai ffmpeg, wanda ake ba umarni a rubuce:

`ffmpeg -ss 00:12:40 -to 00:17:05 -i atisaye.m4a -c copy 03_suna_k2.m4a`

Sashen -c copy shi ne ke cewa a kwafa yadda yake. Ka sa -ss da -to duka kafin -i. In ka sa -ss a gaba, -to a baya, lissafin lokaci zai koma daga sifili a wurin yankan, sai ka samu fayil mai tsawon minti 17 maimakon 4 da ɗan kai. Irin wannan yanka yana faɗawa ne a kan iyakar ƙananan ƙunshin sauti, a MP3 kowane ƙunshi kusan kashi 26 cikin 1000 na daƙiƙa, kuma ƙunshin farko yana iya fitowa da ɗan tangarɗa. Tazarar da ka bari kafin ƙirge ita ke rufe wannan. Lokutan kuma daga alamominka na Audacity za ka ɗauko su, sai dai Audacity yana buƙatar a girka masa ɗakin karatun FFmpeg kafin ya buɗe M4A.

Kafin ka tura wa kowa, ka buɗe fayilolin da aka fitar a wata manhajar sauraro daban, ka ji daƙiƙa 5 na farko da 5 na ƙarshe na kowanne, ka ƙirga su ka gwada da yawan alamominka. In wani fayil ya zo da tsawon da bai dace ba, ka koma layin alamomi: galibi za ka tarar ko ɗigon da aka manta ba a goge ba, ko zango biyu sun hau kan juna.